Bit Da Bayit: Wa Ya Yanka Mana Mudun Da Muke Auna Data?

Hadiza: Assalamu alaikum, masu saurarenmu, barkanmu da sake saduwa. Yau ma ina tare da Malam Bashir da Malam Isufu, kuma ba sai na yi dogon bayani ba, domin duk wanda ya bi saƙonnin da suka riƙa shigo mana tun makon jiya ya san inda aka kwana. Magana ta taso ne daga katin memori ɗin nan da aka rubuta 64 GB a jikinsa, amma da aka saka shi a waya sai ta nuna 59 da 'yan kai. Daga nan gardama ta koma kan data, har wata baiwar Allah ta tambaye mu ko wane ne ya fara cewa bit takwas ne ke yin bayit ɗaya, kuma me ya hana shi cewa goma. Mun tsara za mu fara da bit, mu wuce zuwa bayit, sannan mu rufe da amsar katin.

Isufu: Wa alaikumus salam. Ni ma daga Maraɗi an aiko mini da tambayar da ta yi kama da wannan. Wani ɗan'uwa ya lura cewa a wajenmu Mo da Go ake rubutawa idan mutum ya sayi data, da ya tsallaka Jibiya kuwa sai ya ga MB da GB, shi ne yake so ya san ko ma'aunin Nijar ya fi na Najeriya cika.

Bashir: Za mu je wurin, Malam Isufu, kuma amsar tana da daɗi. Amma ina so a fara raba abubuwa biyu da mutane ke zubawa a kwano ɗaya. Bit ba wanda ya zauna ya yanka girmansa, gano shi aka yi. Bayit kuwa mutane ne suka zauna suka yi ta ja-in-ja har wani ya yi rinjaye, kuma da wani ne ya yi rinjayen da yau wani lissafi muke yi. Malama, ki riƙe sunan jiha ɗaya a ranki daga cikin jihohin Najeriya 36. Idan ba a yarda in yi miki wata tambaya ba sai wadda amsarta i ce ko a'a, tambaya nawa nake buƙata kafin in gano ta?

Hadiza: Idan za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, Malam, kana iya kai wa 35.

Bashir: To ni shida sun ishe ni. Zan raba jihohin gida biyu in tambaye ki ko tana cikin kashin farko, saura 18. In sake rabawa, saura 9, daga nan 5, sai 3, sai 2, sai ita kaɗai. Kowace tambaya irin wannan, wadda amsoshinta biyu suke kunnen doki kafin a amsa, ita ce bit ɗaya. Tambaya biyar tana rarrabe abu 32, shida tana rarrabe 64, ashirin kuma tana rarrabe 1,048,576. Ku riƙe 32 da 64 ɗin nan, domin duk rigimar da za mu faɗa a kansu ta tsaya.

Isufu: Wannan shi ne aikin Shannon da kuka sha ambata.

Bashir: Shi ne. Claude Shannon ya buga shi a 1948 a mujallar kamfanin waya na Bell, lokacin yana aiki a ɗakin bincikensu a Amurka, kuma damuwar kamfanin waya ce ta haife shi, wato saƙo nawa igiyar waya ɗaya za ta iya ɗauka ba tare da ya gurɓata ba. Ralph Hartley ya riga ya share hanya tun 1928, inda ya nuna cewa yawan zaɓin da ke gaban mai aika saƙo shi ne abin aunawa. Sunan kuma ba na Shannon ba ne, shi da kansa ya rubuta cewa John Tukey ne ya ba da shi. Tukey masanin ƙididdiga ne, kuma a farkon 1947 ya ɗauki kalmomin Turanci biyu masu ma'anar lamba ta tsarin bibbiyu, wato tsarin lissafi da sifili da ɗaya kaɗai, ya gutsuro kan ta farko da wutsiyar ta biyu, ya haɗa. Abin ya zauna a baki domin dama a Turanci kalmar tana nufin ɗan guntun abu. Abin da ya fi ba ni mamaki a aikin Shannon shi ne yadda ya ajiye ma'ana gefe guda, ya ce ba ruwan injiniya da abin da saƙo yake nufi.

Hadiza: Ka tsaya nan, Malam. Kana nufin saƙon haihuwa da saƙon rasuwa nauyinsu ɗaya?

Bashir: A zuciyar wanda aka aiko wa, ko kusa. A kan igiyar waya kuwa, i, muddin zaɓin da aka yi daga cikinsa ɗaya ne. Wannan rabuwar ce ta sa aka iya auna murya da hoto da rubutu da mudu guda, har yau ga shi kina sayen data ɗaya kina yin duka ukun da ita. Sai dai kada a ɗauka masu ƙera kwamfuta sun rungumi tsarin bibbiyu tun ranar farko. ENIAC, wadda aka nuna wa duniya a Jami'ar Pennsylvania a Fabrairun 1946, da goma-goma take lissafi kamar yadda muke yi da yatsu. Tana da kwalaben lantarki kusan 18,000, irin na cikin tsofaffin rediyo, kuma kowace lamba ɗaya sai an tanadar mata gurbi goma, ɗaya yana kunne tara suna kashe. Alhali gurbi huɗu kacal sun isa su ɗauki sifili zuwa tara, har da ragowa, tunda huɗu suna ba da 16. Rahoton da John von Neumann ya rubuta a 1945 a kan na'urar da za ta gaje ta, EDVAC, shi ya tsaya kai da fata a kan bibbiyu. A Jamus kuma Konrad Zuse ya riga ya yi haka a Balin, da na'urarsa Z3 ta 1941.

Isufu: Allah gafarta Malam, a nan ina da ja. Kun ce bit ba zaɓin kowa ba ne, amma a Jami'ar Mosko a 1958 an ƙera kwamfutar Setun, wadda take aiki da yanayi uku maimakon biyu, kuma ta yi aiki, an yi amfani da ita shekaru. Ashe ke nan bibbiyun ma zaɓi ne.

Bashir: Ka kama ni a wurin da ya kamata, kuma zan gyara maganata. Ajiye labari da yanayi biyu zaɓin injiniyoyi ne, kuma Nikolai Brusentsov da ya jagoranci Setun ya nuna cewa ana iya bin wata hanya. Abin da nake nufi shi ne tambayar da ta kasa zaɓi biyu ba tambaya ba ce, saboda haka ba a sauka ƙasa da nan, kuma ko na'urar mai uku ana iya auna abin da ta ɗauka da bit. Dalilin da ya sa bibbiyu ya yi nasara kuwa na aiki ne. Wutar lantarki ba ta zama daram, tana hawa tana sauka, kayan aiki suna zafi suna tsufa. Na'urar da za ta bambance mataki goma na ƙarfin wuta kullum tana bakin kuskure, wadda kuwa aikinta kawai ta ce akwai wuta ko babu, sai an yi babbar ɓarna kafin ta rikice.

Na taɓa riƙe bit a hannuna, Malama, kuma ba misali nake yi ba. Shekarun baya, a ɗakin ajiyar wata jami'a, an nuna mini allon ƙwaƙwalwar wata tsohuwar kwamfuta, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Da na ɗaga shi wajen hasken taga sai na ga kamar saƙar tabarma ta siraran wayoyin jan ƙarfe, a kowace mahaɗa kuma akwai ɗan zobe baƙi wanda bai kai ƙwayar gero ba. Kowane zobe bit ɗaya ne. Idan maganaɗisunsa ya juya dama ɗaya ke nan, idan ya juya hagu sifili ne, kuma ko an ɗauke wuta yana nan yadda aka bar shi. Irin wannan ƙwaƙwalwa ta fara aiki a na'urar Whirlwind a 1953, kuma shekaru da yawa da hannu ake zura wayoyin cikin zobban, yawanci mata ne ke yi, da madubin ƙara girma a gabansu. Wanda ya ga wannan ba zai yi mamakin yadda aka yi ta rowar bit a wancan zamani ba, domin kowane ɗaya kuɗi ne da gumin wata.

Hadiza: Ga kwamfutar da aka yi a Manchester ma, ka taɓa cewa ƙwaƙwalwarta ba ta kai saƙon tes ɗaya ba.

Bashir: Haka ne. Ita ce ta fara gudanar da shiri, wato jerin umarnin da na'ura ke bi, wanda aka ajiye a cikin ƙwaƙwalwarta ta lantarki, ranar 21 ga Yunin 1948, shekarar da Shannon ya buga aikinsa. Layi 32 gare ta, kowane layi bit 32, jimla 1,024. A lissafin yau bayit 128 ke nan, saƙon tes ɗaya kuwa 140 yake ɗauka. Amma a lura, su ba su san wani abu wai shi bayit ba. Abin da suka sani shi ne kalma, wato dunƙulen bit da na'ura ke ɗauka a tashi ɗaya, kuma a nan kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ta Zuse 22 ce, ta von Neumann a Princeton 40, Whirlwind 16, IBM 704 kuma 36. Daga baya PDP-8 ta zo da 12, CDC 6600 ta zo da 60. Ita 36 ɗin tana da dalili mai kyau: injinan lissafin kan tebur da masana ke amfani da su lamba goma suke ɗauka, kuma sai da bit 35 ake iya riƙe lamba goma tare da alamar ƙari ko ragi, aka cike ta 36 domin ta rabu shida-shida.

Hadiza: Wannan ai kamar mudu ne. Mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, kuma duk wadda ta taɓa auno gero a ƙauye ta kawo birni ta sake aunawa ta san abin da nake faɗa.

Isufu: Mu tiya muka fi sani, Malama, kuma ita ma ba ta zama ɗaya ba. Akwai wadda aka bubbuga gindinta ya shiga ciki, akwai wadda bakinta ya buɗe saboda tsufa, sannan ga maganar tozo, ko a cika har ya yi tsini ko a shafe da hannu.

Hadiza: Tozon ma kowa da irin nasa. Wata mai awo za ta tara hannu a gefen kwanon ta ƙara miki abin da hannun ya tare, wata kuma ba ta yi. Kakata ba ta yarda a auna mata da kwanon mai sayarwa, nata take ɗauka daga gida a cikin ƙwarya, kuma duk 'yan kasuwar sun san kwanon. Haka take yi wajen sayen ƙyalle ma, a lokacin da ake awo da kamu, sai ta tafi da ƙanen mahaifina saboda ya fi kowa tsawon hannu a gidan.

Isufu: Shi ya sa masu saƙa suka fi son su auna da nasu hannun. Kamu daga gwiwar hannu ne zuwa kan yatsa, taƙi kuma daga babban yatsa zuwa na tsakiya idan an ware, to ina za a samu mutum biyu masu hannu ɗaya? Sai da yadi ya shigo wajenku, mita ta shigo wajenmu, sannan gardamar ta lafa, ko da yake yanzu ma wanda ya sayi yadi biyar a Kano ya kai wa tela a Damagaram sai an sake lissafi, tunda yadi bai kai mita ba.

Hadiza: Buhu ma haka yake. Ana cewa buhu ɗaya, amma sai ka tambaya mai tiya nawa, domin akwai babba akwai ƙarami, kuma a Dawanau dillali ba ya yanka maka farashi sai an san wane buhun ake nufi.

Isufu: Ga kuma kwalbar man gyaɗa, wadda ita ma ta zama ma'auni alhali ba don awo aka ƙera ta ba.

Bashir: Wannan na ƙarshen ya fi kusa da labarinmu, domin bayit ma ba don lissafi aka yanka shi ba, don baƙaƙe aka yanka shi, kuma gadonsa daga tangarahu ya taso. Émile Baudot, Bafaranshe, ya yi rajistar tsarinsa a 1874, inda kowane baƙi yake da bit biyar, wato gurbi 32. Baƙaƙen Turanci 26 ne, lambobi 10, jimla 36, daidai da jihohinmu na ɗazu, kuma kun ga yadda biyar ta gaza. Dabarar da aka yi ita ce a keɓe alama ta musamman da ke cewa daga nan lambobi ne, wata kuma ta ce an dawo baƙaƙe, kuma idan wannan alamar ta ɓace a hanya sai duk abin da ya biyo baya ya zama shirme. Da kwamfuta ta zo sai aka koma shida, gurbi 64, wanda ya ɗauki manyan baƙaƙe da lambobi da aya da waƙafi da sauransu. Kalmar IBM 704 mai bit 36 tana ɗaukar baƙi shida cif, shi ya sa a FORTRAN ta farko, wato wani harshen rubuta shirin kwamfuta, suna ba ya wuce baƙi shida. Amma ƙananan baƙaƙe ba su samu wuri ba, domin 26 sau biyu a tara da 10 ya ba da 62, saura gurbi biyu kacal, ko alamomin rubutu ba za su ishe su ba. Duk takardar da kwamfuta ta buga a wancan lokacin da manyan baƙaƙe take fitowa, kamar mai yi maka tsawa.

Sunan bayit ya fito ne a Yunin 1956 daga Werner Buchholz, wanda aka haifa a Jamus a 1922, ya bar ƙasar yana matashi saboda zaluncin 'yan Nazi, ya ƙare a kamfanin kwamfuta na IBM. Suna tsara wata babbar na'ura da ake kira Stretch, wadda aka kai ta farko ɗakin binciken Los Alamos a 1961, kuma suna neman sunan guntun da na'urar za ta gatsa daga cikin kalma a lokaci ɗaya. Kalmar Turanci ta gatsa ko loma ya ɗauka, bite, amma ya lura cewa idan mai buga takarda ya manta baƙin ƙarshe za ta koma bit, sai ya musanya i da y. Abin da mutane ba su sani ba shi ne lomar Buchholz ba ta da girma ɗaya. A Stretch mai rubuta shiri ne ke faɗa wa na'ura girman bayit ɗin da yake so, daga bit ɗaya har zuwa takwas.

Hadiza: Ashe shi ma kowa da kwanonsa yake zuwa. To yaushe aka tsayar da takwas?

Bashir: Ranar 7 ga Afrilun 1964, da IBM ta sanar da System/360. Kamfanin ya zuba kimanin dala biliyan 5 domin ya yi jerin na'urori manya da ƙanana waɗanda shiri ɗaya zai yi aiki a kan kowace, saboda haka dole a yanka mudu guda. Manyan masu tsarin su ne Gene Amdahl da Gerrit Blaauw da Fred Brooks, kuma sai da aka kai ruwa rana. Amdahl ya karkata ga shida, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce, domin daga shida zuwa takwas ƙarin kashi ɗaya cikin uku ne a kan kowane baƙi, a zamanin da ake zura zobba da hannu. Brooks, wanda shi ne shugaban aikin, ya tsaya a kan takwas. Takwas tana ba da gurbi 256, tana rabuwa biyu-biyu har ƙasa, kuma ana iya cusa lamba biyu a cikin bayit ɗaya, huɗu-huɗu, abin da bankuna da kamfanonin inshora ke so tunda yawancin abin da suke ajiyewa lambobi ne. Shekaru da yawa bayan haka, da aka tambayi Brooks shawarar da ya fi alfahari da ita a aikinsa, wannan ya ambata, kuma dalilin da ya bayar shi ne ta buɗe wa ƙananan baƙaƙe ƙofa. Ni ina ganin ya yi gaskiya, domin daga ranar ne kwamfuta ta tashi daga injin lissafi ta kama hanyar zama abin rubutu. System/360 ta yi kasuwa sosai, wasu suka bi sahu, sannan da kamfanin Intel ya fitar da ƙananan na'urorin sarrafa bayanai 8008 a 1972 da 8080 a 1974, duka masu bit takwas, magana ta ƙare.

Isufu: Sai dai ba ta ƙare rana ɗaya ba, tunda na'urori masu bit 36 sun daɗe.

Bashir: Sun daɗe, kuma nan ne amsar ɗan'uwanmu na Maraɗi take. Lokacin da ake haɗa kwamfutocin da suka zama tushen intanet, da yawa daga cikinsu PDP-10 ne masu bit 36, saboda haka idan ka ce bayit sai a tambaye ka na wa. Masu rubuta ƙa'idojin sadarwa suka zaɓi kalmar da ke ɗauke da takwas a cikinta, octet, kuma har yau ita suke rubutawa. Faransawa ita suka riƙe gaba ɗaya.

Isufu: Okte muke ji ana faɗa a makaranta. Ke nan o ɗin da ke cikin Mo da Go shi ne wannan, kuma Go ɗaya daidai yake da GB ɗaya, sai dai mu jiga muke cewa ku kuna cewa giga. Ni a ganina namu ya fi tsare mutum daga ruɗu, domin a wajenku bambancin bit da bayit ya rataya ne a kan b ƙarami da B babba.

Bashir: Na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Saurin intanet da bit ake faɗarsa, girman fayil kuma da bayit, shi ya sa wanda aka ce masa yana da megabit 8 a daƙiƙa, megabayit ɗaya ne ke sauka a wayarsa. Kuma ka duba, wannan bambancin na b da B ba zai ma rubutu ba a na'urar bit shida.

Hadiza: Ni kuwa, Malam, ƙofar da Brooks ya buɗe ba ta isa ta shigar da mu ba, kuma wannan yana ci mini rai. Kwanan baya ina rubuta wa dangi saƙon tes na gayyatar ɗaurin aure, ina kallon lambar da ke nuna sauran gurbin da nake da shi, ta fara daga 160 tana raguwa. Ina danna ɗ mai ƙugiya sai ta faɗi warwas, saƙo ɗaya ya koma biyu, kafin in gama ya zama uku. Na goge ƙugiyar, lissafi ya dawo daidai, na tura daurin aure ba yadda nake so ba.

Bashir: Abin da ya faru ke nan. Saƙon tes bayit 140 ne, wato bit 1,120. Idan kowane baƙi ya ci bit bakwai, 160 za su shiga. Amma jadawalin bakwai ɗin bai san ɗ ba, saboda haka da zarar kin saka ta sai wayar ta mayar da dukkan saƙon tsarin bit 16, gurbi ya koma 70. Asalin abin tsoho ne. Jadawalin ASCII na Amurka ya fito a 1963 da bit bakwai, gurbi 128, aka ƙara masa ƙananan baƙaƙe a 1967, kuma waɗanda suka zauna a teburin harshensu suka auna. Ɓ da ɗ da ƙ sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, sun girmi kowace kwamfuta da muka ambata yau, amma ba wanda ya je da su wurin. Da aka samu ƙarin gurbi 128 na bit na takwas, harsunan Turai ta Yamma suka fara cikewa, wasu ƙasashe kowa ya yi nasa jadawalin, shi ya sa shekaru muka yi muna rubuta k' da d', ko mu saka wani font na musamman wanda idan an buɗe takardar a wata kwamfuta sai a ga akwatuna. Unicode, wato jadawali guda na baƙaƙen harsunan duniya, ita ce ta ba su lamba tasu ta dindindin daga 1991, sannan a 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar rubuta waɗannan lambobin da bayit, wadda yawancin intanet ke amfani da ita yanzu. A cikinta k bayit ɗaya take ci, ƙ kuma biyu.

Isufu: Har da ƴ tamu ta Nijar, wadda ku kuke rubutawa da ɗan waƙafi a sama kafin y.

Bashir: Har da ita, biyu take ci, kuma ku lura cewa tamu ta Najeriya ma alama biyu ce, saboda haka ba wanda ya ci riba. Amma ina roƙon masu saurare kada wannan ya sa su yar da ƙugiya. A WhatsApp da imel ƙarin bayit ɗaya ba ya ko motsa ma'aunin data, hoto guda ya fi dubban ƙugiyoyi nauyi, kuma bambancin ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, ya fi ƙarfin a sayar da shi a kan bit takwas. Akwai ma maganar ajami da nake so in shiga, domin wasu baƙaƙen da malamanmu suka ƙirƙira don sautukan Hausa sun jima kafin su samu gurbi...

Hadiza: Malam, ka gafarce ni, ana ɗaga mini hannu cewa saura minti ɗaya, ga shi ba mu taɓa katin memorin da ya tara mu ba.

Bashir: To a gurguje. Mai ƙera katin yana lissafin giga a matsayin bayit biliyan ɗaya cif, na'urar kuma tana lissafi da 1,024 sau 1,024 sau 1,024, tunda 1,024 ce ninkin biyu da ta fi kusa da dubu. Ki raba biliyan 64 da wannan, 59.6 za ki samu, saboda haka katin ba na jabu ba ne, kwano biyu aka auna shi da su. A 1998 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya ta fito da sunaye na daban, kibi da mebi da gibi, domin na 1,024 ɗin, amma...

Hadiza: Sauran sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, tare da ajamin. Malam Isufu, a gaida mutanen Maraɗi. Wassalamu alaikum.